Zabbalin: Mutanen da Suka Mayar da Sharar Alƙahira Jari

Masu ƙarancin data da ba sa iya sauraron murya, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau Masar muka nufa, birnin Alƙahira. Na san da an ce Alƙahira, wani Azhar ce za ta faɗo masa a rai, wani kuma dalar Fir'auna. To mu yau bayan motar shara za mu bi, mu ga inda take sauke kayanta.

Ga tambayar da nake so ku riƙe tun daga farko. Idan mai shago ya fitar da kwalaye da ledoji, ko mai gidan abinci ya fitar da ragowar shinkafa da robobin lemo, wannan sharar ta wa ce? Yawancinmu za mu ce ta wanda ya ga dama ce, in dai ta bar ƙofata. A Alƙahira kuwa an fi shekara 100 ana ciniki a kan wannan tambayar. An yi arziki da ita, an bar wa 'ya'ya gadonta, an kuma yi rigima da gwamnati a kanta.

Labarin ya faro ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da wasu mutane suka taso daga dausayin Dakhla da ke cikin hamadar yammacin Masar suka shigo Alƙahira neman abinci. Mutanen gari suka riƙa kiran su Wahiya, wato mutanen dausayi. Musulmi ne, baƙi ne, ba su da gona ba su da shago, sai suka kama aikin da 'yan birni ke ƙyama. Sukan je wurin mai bene su biya shi kuɗi ya ba su izinin kwashe sharar gidan, su kuma su riƙa karɓar ɗan wani abu duk wata daga hannun 'yan haya. Ku lura fa, su ne suke biya don a ba su shara.

Me suke yi da ita? A wancan zamani Alƙahira cike take da gidajen wanka na jama'a, kuma kowane gidan wanka yana buƙatar wuta don dafa ruwa. Wahiya sukan shanya sharar, musamman takardu da tsummoki, su sayar a matsayin makamashi. A cikin garwashin wannan wutar ne kuma masu sayar da ful suke binne manyan tukwanensu su kwana suna dahuwa. Wanda ya taɓa zuwa Umara ya san ful, waken nan da ake ci da burodi da safe. Ka ga ke nan sharar jiya ita ce ta dafa karin kumallon yau.

Da aka shiga shekarun 1930 zuwa 1940 sai abubuwa biyu suka haɗu. Man fetur da kananzir suka fara korar shara daga murhu, kasuwar Wahiya ta fara ja da baya. A daidai lokacin kuma wasu sababbin baƙi suka fara kwararowa daga kudancin Masar, musamman yankin Asyut. Manoma ne marasa gona, talauci ya koro su, kuma yawancinsu Ƙibɗawa ne, wato Kiristocin Masar, mutanen da muka san sunansu ta dalilin Nana Mariya al-Ƙibɗiyya. Da yake addininsu bai hana su kiwon alade ba, sai suka ga wata dama da Musulmin gari ba za su taɓa ba. Fiye da rabin sharar gidajen Alƙahira ragowar abinci ne, shi kuwa alade ba ya zaɓen abinci.

Da farko sayen ragowar abincin suke yi daga hannun Wahiya. A hankali sai aiki ya rabu. Wahiya suka riƙe unguwanni da kuɗin wata, sababbin baƙin kuma suka karɓi wahalar hawa bene da ɗaukar kaya a amalanken jaki, ladansu shi ne sharar kanta. Daga nan sunan Zabbalin ya bi su. Zibala da Larabcin Masar shara ce, Zabbalin kuwa masu shara. In da a nan ne sai mu ce 'yan bola.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda aikin yake tafiya, domin a nan ne hikimar take. Tun kafin asuba uba da 'ya'yansa maza suke fita. Suna bin gidaje da shaguna ƙofa ƙofa, bene bene, da babban kwando a baya. Uwar gida ba ta sauka ƙasa ba, mai shago bai je neman juji ba. Kafin rana ta take sun koma unguwarsu, sun juye kayan a ƙasan gidansu. Daga nan mata da 'yan mata ke karɓa, su zauna cikin tulin sharar suna tsincewa da hannu. Ragowar abinci ya tafi garken aladu a bayan gida. Roba gefe guda, ita ma a ware ta kala-kala da iri-iri, domin robar gorar ruwa daban take da ta bokiti. Kwali daban, farar takarda daban, gwangwani, ƙarfe, kwalba, tsumma, har ƙashi yana da mai saye. Aladu in sun girma a sayar wa mahautan Kirista da wuraren da ke ciyar da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kashinsu kuma ya zama taki ga manoma.

Masu bincike da dama sun ƙiyasta cewa Zabbalin suna mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso ya zama abin amfani. Biranen Turai masu manyan injuna da dokoki ba kasafai suke kai wannan ba. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Iyalin da ke wannan aikin babu mai biyan su albashi, duk abin da ya kuɓuce musu ya tafi juji, abincin bakinsu ne ya tafi.

Kada kuma in zana muku hoton aljanna. Rayuwa ce mai tsanani. Mata na tsince shara da hannu babu safa, ga fasassun kwalabe, ga allurai da aka yar, ga ciwon hanta da ya yi yawa a cikinsu. Yara da yawa ba su ga aji ba. Mutanen gari na buƙatarsu kullum, amma suna toshe hanci in sun wuce. Duk sanda birni ya faɗaɗa ya iso inda suke, sai hukuma ta tashe su. Wajajen 1970 aka kori da yawa daga Imbaba, suka koma gindin dutsen Muƙaɗɗam a gabashin birni, cikin wani tsohon wurin fasa duwatsu a yankin Manshiyat Nasir. Ba ruwa, ba wuta, ba makaranta. Da gwangwanaye da kwano suka yi bukkoki, saboda ba wanda zai kashe kuɗin bulo a filin da za a iya korarsa gobe. A 1976 gobara ta cinye wani babban ɓangare na unguwar.

Canji ya fara shigowa ne daga wannan tsakanin. A 1971 wata sista 'yar cocin Katolika, haifaffiyar Beljiyam, mai suna Emmanuelle, ta tare a unguwar masu shara ta Izbat an-Nakhl tana da shekara sama da 60, ta yi ta fafutukar makaranta da asibiti, ta kuma sa duniya ta san da zamansu. A Muƙaɗɗam aka gina coci, abin da ya ba mutane ƙwarin gwiwar cewa zama ya zo, suka fara gini da bulo. Sai kuma a 1981 aka fara wani shirin inganta unguwar da tallafin Bankin Duniya.

Abin da ya fi tasiri a shekarun 1980 shi ne ƙananan basussuka na sayen inji. Da can Zabbalin sukan tsince roba su sayar da ita yadda take ga dillali, shi ya kwashe ribar. Da injin niƙa roba ya shigo unguwa, sai lissafi ya canja. A wanke roba, a niƙa ta, wani ya narkar ya fitar da ita ƙwaya-ƙwaya, masana'anta ta saya ta yi bokiti da maratayin kaya da bututu. Wani ya sayi injin daddage tsumma ya zama abin cusa katifa. Wani ya sayi na matse kwali ya ɗaure shi dami-dami. Wani yana narkar da alminiyum. Kowane mataki da aka ƙara a cikin unguwa, kuɗinsa ya tsaya a cikin unguwa. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ƙananan masana'antu suka tashi a lungunan Muƙaɗɗam, bukkokin kwano suka zama benaye, ƙasa wurin aiki, sama wurin kwana. A 1984 aka kafa wata ƙungiyar kare muhalli a unguwar, wadda ta buɗe wurin yin taki, daga baya ta koya wa 'yan mata saƙar darduma da ƙyallayen da masaƙu ke zubarwa, da yin katin gaisuwa daga tsohuwar takarda. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta matsa a daina shiga gari da amalanken jaki, dole suka haɗa kuɗi suka koma ƙananan motoci.

Akwai wani labari a nan da nake so masu sana'a su saurara da kyau. Kamfanonin man wanke gashi a Masar sun daɗe suna kuka da 'yan jabu. Mutum zai sayi robobin da aka yar, masu ɗauke da sunan kamfani, ya ɗura ruwan sabulu mai arha ya mayar kasuwa. Mai saye ya yi amfani ya ji ba daɗi, ya zagi kamfani. Wa ke riƙe da robobin nan kafin su isa hannun 'yan jabu? Zabbalin. Sai wata ƙwararriya mai suna Laila Iskandar, wadda ta daɗe tana aiki da su har ta samu lambar yabo ta Goldman a 1994, ta haɗa ɓangarorin biyu. A farkon shekarun 2000 aka buɗe wata makaranta a Muƙaɗɗam da tallafin kamfanin Procter & Gamble. Yara maza su tattaro robobin kamfanin, su ƙirga, su rubuta adadi a takarda, a biya su, sannan a niƙe robobin ta yadda ba mai sake ɗura komai a ciki. A wajen cike takardar nan ne yaro yake koyon karatu da lissafi, daga baya har da kwamfuta. Kamfani ya tsare sunansa, yaro ya samu ilimi da kuɗin kashewa, niƙaƙƙiyar roba kuma ta tafi kasuwa.

To jama'a, ana cikin haka sai gwamnati ta ce ita fa tana son tsarin zamani. Gaskiya tana da hujja. Birnin ya girma fiye da ƙarfin Zabbalin, kuma su sun fi zuwa unguwannin masu hali inda shara ke da maiƙo, unguwannin talakawa da yawa ba mai kwashe musu. Sharar tituna ma ba aikinsu ba ce. Amma maimakon a gina a kan abin da ake da shi, a 2003 sai aka ba manyan kamfanonin ƙasashen waje kwangilar shekara 15, irin su FCC da Urbaser na Sifaniya da AMA na Italiya. Aka raba birni shiyya-shiyya, aka kawo manyan motoci masu matse shara, aka jera manyan kwanduna a bakin titi. Kuɗin shara kuma aka liƙa shi a takardar kuɗin wutar lantarki, ko ka so ko ka ƙi.

Ga inda gizo yake saƙar. Kwangilar ta nemi kamfanonin su sake sarrafa kashi 20 cikin 100 ne kawai, sauran a binne a juji. Wato an ture masu kashi 80 an kawo masu kashi 20, an kuma biya su da tsada. Sannan mutanen da suka saba a ƙwanƙwasa musu ƙofa a hawa na shida ba su ga dalilin saukowa da leda a hannu ba. Manyan motoci suka kasa shiga lungunan tsohon gari. Kwandunan titi wasu aka sace, wasu suka cika suka tumbatsa. Motar da ke matse shara kuwa tana cakuɗa miya da kwali da kwalba wuri guda, abin da aka matse haka ba ya tsintuwa. Magidanta da masu shaguna da yawa suka koma biyan kuɗi sau biyu, ɗaya a takardar wuta, ɗaya a hannun mutumin da suka sani shekara da shekaru. Daga ƙarshe su kansu kamfanonin suka koma ɗaukar Zabbalin a matsayin 'yan ƙaramar kwangila, a kan kuɗi kaɗan. Fim ɗin Garbage Dreams na Mai Iskander, wanda ya fito a 2009, ya bi rayuwar wasu samari uku na unguwar a daidai wannan lokacin.

Sai babbar guguwa ta zo. A ƙarshen watan Afrilun 2009, duniya na cikin fargabar cutar da aka sa wa suna murar aladu, gwamnatin Husni Mubarak ta ba da umarnin a hallaka duk aladun ƙasar, kimanin 300,000. A ranar da aka ba da umarnin ba a samu ko mutum ɗaya da cutar a Masar ba, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fito sun ce matakin ba shi da amfani, domin tsakanin mutane cutar take yaɗuwa. Aka yi arangama tsakanin 'yan sanda da mazauna Muƙaɗɗam. Ƙibɗawa da yawa sun ɗauki abin a matsayin an nufe su ne, gwamnati kuma ta ce tsabtar gari ta sa.

Ni Musulmi ne, yawancinku ma haka, ba wanda zai ce mu so alade. Amma tarihi lissafi yake nunawa. Dabbobin nan su ne suke cinye tan-tan na ragowar abincin birni kowace rana. Da aka kawar da su, ba a tanadi abin da zai maye gurbinsu ba. Zabbalin suka ce to don me za mu ɗauko ruɓaɓɓen abinci mu kai gida? Suka riƙa tsince roba da kwali su bar sauran. Cikin 'yan watanni tituna suka cika da tulin shara mai wari, har a unguwannin masu kuɗi, ga ƙuda ga ɓeraye. Iyalai da yawa a Muƙaɗɗam suka rasa babbar hanyar samunsu, wasu suka cire yara daga makaranta. Wanda bai san amfanin tsintsiya ba, ranar da ta ɓata zai sani.

Bayan juyin juya halin 2011 aka fara dawowa daga rakiyar wancan tsari. A 2013 aka naɗa ita Laila Iskandar ministar muhalli, aka taimaka wa Zabbalin suka yi rajistar gomman ƙananan kamfanoni domin su iya karɓar kwangila da sunansu. Kiwon aladu ya farfaɗo a hankali. Kwangilolin kamfanonin waje suka ƙare wajajen 2017 zuwa 2018, sannan a 2020 Masar ta yi sabuwar dokar kula da shara, doka mai lamba 202. Har gobe ana ja-in-ja a kan wa ke da haƙƙin sharar birnin da ya haura mutum miliyan 20, kuma har gobe matan Muƙaɗɗam na tsinta da hannu. Sai dai yanzu ba mai tsara harkar shara a Alƙahira ya yi kamar babu su.

Me ya sa na kawo mana wannan labarin? Saboda ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke shigo da itace birni a kan jakuna, su koma da takin bola a mangala su zuba a gona. Maƙeranmu sun mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga, gwangwanin lemo ya zama tukunya. Yau ga 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suna bin lungu da kura, kayan da suke tarawa su ke ciyar da masana'antun roba da na ƙarfe. Irin kuskuren Alƙahira ma an maimaita shi a Legas, lokacin da gwamnatin Ambode ta kawo kamfanin Visionscape a 2017 ta ture ƙananan 'yan kwangilar da ke kwashe shara gida-gida. Shara ta taru a tituna, daga baya dole aka dawo da su. Na san akwai ɓata-gari a cikin masu bin bola, masu cire murfin kwata da wayar wuta, kuma dole a hukunta su. Maganin wannan shi ne rajista da shaida da sanin wa ke saye a hannun wa. Korar kowa da kowa tana barin shara a inda take.

Kai kuma mai shago, ke mai gidan abinci, ga abin da ke hannunku tun kafin gwamnati ta motsa. Wahalar matan Muƙaɗɗam gaba ɗaya daga abu ɗaya ta samo asali, wato an haɗa jiƙaƙƙe da busasshe a leda guda. Kwalin da miya ta taɓa ya tashi daga kaya ya koma shara. Ku ajiye mazubi biyu, ɗaya na ragowar abinci da ɓawo, ɗaya na roba da kwali da gwangwani. Na farkon akwai masu kiwo da masu lambu da za su zo har ƙofa su ɗauka, na biyun kuwa a kan kilo ake sayensa. Fasasshiyar kwalba da reza da allura a naɗe su daban, domin hannun ɗan wani ne zai shiga ciki. Ku san mai kwashe muku shara da sunansa, ku tsayar masa da rana da lokaci, ku kuma tambaye shi inda yake kai abin da bai sayu ba, kada ya zama kwatar bayan layinku yake juyewa, damina ta dawo muku da shi cikin shago. In kuma kana sarrafa wani abu mai ɗauke da sunanka, ko zoɓo ne ko man shafawa ko sabulun ruwa, ka tuna da labarin robobin man wanke gashi. Robarka da ka bari a bola, wani zai iya cika ta da abin da ya ga dama ya sayar da sunanka.

A nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mini yadda abin yake a garinku: wa ke kwashe sharar kasuwarku, nawa kuke biya, kuma kun san inda take ƙarewa? Wanda ya san tarihin 'yan gwangwan na unguwarsu ya ba mu labari, za mu so mu yi shiri na musamman a kansu. Allah Ya sa mu dace, Ya ba kowa halalinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.